Manhaja Ba Ta Gyara Kankare: Abin Da Bidiyon Gidaje Masu Ɗumin Daɓe Ke Tsallakewa

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan bidiyo ba. Gida ne a Jamus ko Kanada, dusar ƙanƙara ta binne motoci a waje, mai gidan ya ɗauko waya ya ja yatsa a kan allo, lamba ta tashi daga 18 zuwa 22. Sai a nuno yaro yana rarrafe a kan tayil ko safa babu a ƙafarsa. Tambayar da masu kallo ke yi kusan guda ce: wace na'ura ce wannan, kuma nawa ake sayar da ita?

Na'urar ba ita ce abin tambaya ba. A bidiyon ginin irin waɗannan gidaje akwai wani wuri da ake saurin wucewa cikin daƙiƙa uku ko huɗu, inda leburori ke shimfiɗa wasu alluna farare ko shuɗɗa a ƙasa kafin motar kankare ta iso. Allunan nan na soso ne, dangin farin soson da ke zuwa a cikin kwalin sabuwar talabijin, sai dai sun fi shi tauri. Su ne ke yanke hukuncin ko gidan zai yi ɗumi da kuɗi kaɗan, ko kuwa mai shi zai shekara hamsin yana biyan kuɗin dumama ƙasar da ke ƙarƙashin gidansa. Kuma suna cikin kayan gidan da ba a iya sabuntawa bayan an gama.

Yadda abin yake aiki

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana shimfiɗa dogon bututun roba, ana lanƙwasa shi sahu-sahu a faɗin ɗaki, tazarar santimita 10 zuwa 30 tsakanin sahu da sahu, sannan a zuba kankare a kansa. Tukunyar dumama ruwa mai aiki da gas, ko injin janyo zafi daga iskar waje, wanda kamar na'urar sanyaya ɗaki ce da aka juya aikinta, shi ke ɗumama ruwan. Ƙaramin famfo yana tura ruwan ya zaga cikin bututun ya dawo. Kankaren ya ɗauki zafin, daɓen gaba ɗaya ya zama abin dumama ɗaki.

Ruwan ba tafasasshe ba ne. Yawanci digiri 30 zuwa 45 ne a ma'aunin Salshiyos, alhali tsofaffin ƙarafan dumama ɗaki da ake kafawa a bango a Turai kan nemi ruwa mai digiri 60 zuwa 75. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1264 ta ce saman daɓen da mutane ke zama a kai kada ya wuce digiri 29, na banɗaki kuma kada ya wuce 33. Wannan ƙarancin zafin ruwa shi ne babbar ribar tsarin, domin injin janyo zafi yana ƙara cin wuta ne gwargwadon yadda aka tilasta masa ya ƙara zafin ruwa.

Dabarar ta tsufa. Mutanen Koriya sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da abin da suke kira ondol, inda hayaƙin murhun girki ke bi ta ramuka a ƙarƙashin duwatsun daɓe kafin ya fita ta bututun hayaƙi. A yau gidajen bene na birnin Seoul sun koma bututun ruwan zafi, amma har yanzu akwai masu zama a ƙasa da kwana a ƙasa. Romawa ma sun yi irinsa a gidajen wankansu. Ko a ƙasar Hausa, tsofaffin karkara sun san gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin hunturu ko don mai jego.

Zafi ba ya san sama da ƙasa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa zafi sama yake tashi, don haka babu buƙatar tare shi ta ƙasa. Iska mai zafi ce ke tashi sama, saboda ta fi mai sanyi rashin nauyi. Amma a cikin abu mai tauri kamar kankare, zafi na tafiya ne duk inda ya fi sanyi, sama ko ƙasa ko gefe, kuma ya fi bin hanyar da ta fi sauƙi. Mai wayar da ta taɓa ɗaukar zafi lokacin wasan gem ya san haka: injiniyoyi na sanya faifan girafait ko na tagulla a bayan firosesa don su ba zafin hanya mai sauƙi ya watsu, kada ya taru wuri guda. Mai gina daɓe mai ɗumi akasin haka yake yi ta ɓangaren ƙasa. Toshe hanyar yake so ya yi, don zafin ya rasa mafita sai cikin ɗaki.

Kankare kuwa hanya ce buɗaɗɗiya. Yana wuce da zafi kusan ninki 40 zuwa 50 a kan allon soso. Wato allo mai kaurin santimita 5 yana tare zafin da sai an zuba kankare mai kaurin kusan mita 2 kafin a tare irinsa. Idan aka zuba daɓe kai tsaye a kan ƙasa, ƙasar da ke ƙarƙashi, wadda a ƙasashen sanyi ba ta cika wuce digiri 10 ba, za ta yi ta zuƙar zafin dare da rana. Idan ƙasar mai damshi ce ko ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, abin ya fi muni, domin ruwa na kwashe zafin ya tafi da shi. Daidai yake da mai ɗibar ruwa da rariya.

Gefen daɓe ya fi ko'ina hatsari. A nan ne kankare mai ɗumi ke haɗuwa da harsashin gini, shi kuma harsashin yana fuskantar iskar waje da ke iya sauka ƙasa da sifili. Tazarar da zafin zai yi kafin ya fita waje taƙi ɗaya ce ko biyu.

Darasin Levittown

Amurka ta koyi wannan darasi da tsada. Mashahurin mai zanen gine-ginen nan Frank Lloyd Wright ya ga ɗaki mai tsarin Koriya a birnin Tokyo, abin ya burge shi, ya sa bututun dumama a ƙarƙashin daɓen gidan Jacobs da aka kammala a Madison ta jihar Wisconsin a 1937. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Levitt and Sons ya ɗauki dabarar ya kai ta kasuwa. Tsakanin 1947 da 1951 ya gina gidaje fiye da 17,000 a Levittown ta jihar New York, galibi don sojojin da suka dawo daga yaƙi, da bututun tagulla a cikin daɓen kankare.

Gidajen sun yi ɗumi, amma daɓen ba shi da shingen zafi na kirki a ƙasa ko a gefe. Masu sana'ar dumama gida a Amurka har yau suna ba da labarin yadda dusar ƙanƙara kan narke a zagayen bangon irin waɗannan gidaje tun kafin ta narke a ko'ina. A lokacin man dumama gida na da araha, babu wanda ya damu. Da shekaru suka ja, bututun tagulla ya fara yoyo a cikin kankare, masu gidaje da yawa suka rufe tsarin suka koma wa na bango.

Matsalar bututu an magance ta. A ƙarshen shekarun 1960 wani Bajamushe mai suna Thomas Engel ya samar da hanyar ƙera robar PEX, wadda ba ta tsatsa kuma take jure zafi da matsi. Ita ce jan ko farin bututun da ake gani a bidiyoyin yau. Amma matsalar zafin da ke zurarewa ƙasa babu robar bututu da ta magance ta. Wanda ya zuba daɓe babu soso a 2025 ya maimaita kuskuren 1947 ne da sabon bututu.

Abin da waya ba za ta iya ba

A nan ne ya kamata masoya na'urori su tsaya su yi tunani. Na'urar daidaita zafi ta Nest ta fito a 2011 daga hannun Tony Fadell, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera iPod, kuma Google ya sayi kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3.2. Kamfanin tado na birnin Munich da wasu irinsa sun biyo da nasu. Na'urori ne masu amfani. Suna koyon lokacin da mutum ke fita da dawowa, suna duba hasashen yanayi, suna rage wuta idan babu kowa a gida.

Sai dai duk wayonsu bai wuce kunnawa, ragewa da kashewa ba, kuma daɓen kankare ba ya jin umarnin gaggawa. A ɗauki gida mai faɗin murabba'in mita 100, da daɓe mai kaurin santimita 10. Nauyin kankaren zai kai tan 24, daidai da buhun siminti 480. Kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya tak, sai ya sha kimanin yunit 6 na makamashi, irin yunit ɗin da ake saya a mitar kati. Wannan ya fi abin da batirin waya mai 5000mAh zai ɗauka a caji 300. Kafin a ɗaga shi daga digiri 15 zuwa 25 kuwa, yunit 60 ke nan. Shi ya sa daɓe kan ɗauki sa'o'i kafin ya yi ɗumi, ya kuma ɗauki sa'o'i kafin ya huce.

To, daɓen nan batir ne babba mai ajiye zafi. Idan an killace shi da soso, abin da aka zuba masa zai dawo ɗaki a hankali. Idan ba a killace ba, batir ne mai zuƙewa ko ba a taɓa shi, kuma kowa ya san babu manhajar tattalin caji da ke gyara batirin da ya kumbura. Manhajar za ta zana wa mai gida jadawali mai kyau na yadda kuɗinsa ke tafiya. Hana su tafiya ne ba za ta iya ba. Abin da ya fi haka, idan zafi na gudu ta ƙasa, dole a ƙara zafin ruwa don ɗaki ya yi ɗumi, kuma da zarar an ƙara, injin janyo zafin da aka saya da tsada don tattali ya fara cin wuta fiye da yadda aka yi alkawari.

Yadda ake yin sa daidai

Aikin na farawa ne daga ƙasa da aka daddaɓe da kyau, a zuba tsakuwa a daidaita. Ana shimfiɗa leda mai kauri don hana damshi hawa, irin wadda magina a Najeriya ke sawa kafin su zuba abin da suke kira jaman fulo. Wasu ƙasashe a ƙarƙashin soso suke sa ta, wasu a samansa, wasu kuma duka biyu. Sai allunan soso, a haɗa su gam babu giɓi, a liƙe mahaɗarsu da tef don kada ruwan siminti ya kutsa tsakani ya zama gadar da zafi zai bi. Sai a zagaye gefen daɓen da wani soson a tsaye, ya raba shi da bango da harsashi. Wannan na gefen yana da amfani na biyu: kankare na buɗewa kaɗan idan ya ɗauki zafi, soson ne ke ba shi wurin motsi don kada ya tsage.

Alluna iri uku ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai EPS, farin nan mai ƙwayoyi-ƙwayoyi, shi ya fi araha. Akwai XPS, mai launin shuɗi ko ruwan hoda ko kore gwargwadon kamfani, ya fi santsi kuma bai cika shan ruwa ba. Akwai PIR mai fuskar azurfa, wanda ya fi su tare zafi a kauri ɗaya, an fi amfani da shi a Birtaniya a saman ledar hana damshi. Masu tsoron kada soso ya lotsa a ƙarƙashin gida su duba lambar da ke jikinsa. Allon da aka rubuta wa EPS 100 an gwada shi ne da matsin da ya kai kimanin tan 10 a kowane murabba'in mita, kuma injiniya ne ke zaɓar lambar da ta dace da nauyin da zai hau kai.

Kauri ya danganta da sanyin wuri. A Amurka an saba da inci 2 na XPS, wato kusan santimita 5, kuma kundin ƙa'idar tattalin makamashi na IECC ya wajabta sanya shingen zafi a ƙarƙashin dukkan faɗin daɓen da ake dumamawa, ƙari a kan na gefe. A Suwidin ba abin mamaki ba ne a ga santimita 30 na EPS a ƙarƙashin sabon gida.

Bayan soso sai bututu. Ana kafa shi da ƙusoshin roba a jikin allon ko a ɗaure shi da ragar rodi. Kowane zagaye bai kamata ya wuce kusan mita 100 ba idan bututun mai milimita 16 ne, kuma ba a son mahaɗa ko ɗaya a cikin kankare. Ana cika shi da ruwa ko iska a matse, a bar ma'auni a jiki har a gama zuba kankare, don idan shebur ya huda shi a gane nan take.

Abu guda kuma da ake yaudarar mutane da shi: wata siririyar leda mai ƙyalli da kumfar iska a ciki, wadda ake tallatawa a matsayin madadin allo mai kauri. Fuska mai ƙyalli tana mayar da zafi ne idan akwai sararin iska a gabanta. Da zarar an danne ta tsakanin ƙasa da kankare, ƙyallin ya tashi aiki, abin da ya rage ɗan kauri ne da bai kai santimita ɗaya ba. Araha ba ta ado.

Hujjar masu ja da baya

Masu cewa a rage ko a bari suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko kuɗi. Allunan na ƙara wa gini tsada a daidai lokacin da aljihu ya fi jin jiki. Amma kuɗin soso sau ɗaya ake biya, kuɗin makamashi kuwa duk wata ne, kuma babu mai iko da farashinsa. Mutanen Turai sun gani a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin gas. Tamostat, famfo, tukunya, duk ana iya sauya su a yini guda. Soson ƙarƙashin daɓe kuwa sai an fasa gidan. Wanda ya makara abin da ya rage masa shi ne ya haƙa zagayen harsashi ya liƙa soso ta waje, ko ya shimfiɗa sabon soso da sabon bututu a saman tsohon daɓe, ya haƙura da raguwar tsawon ɗaki da yanke ƙofofi.

Na biyu gara. Ba ta cin soso a matsayin abinci, amma tana haƙa hanya a cikinsa ta isa katako ba a gani ba. Shi ya sa ƙa'idar gini a yankunan Amurka masu yawan gara ta taƙaita binne soso a jikin harsashi sai da matakan kariya. Wannan hujja ce ta gaskiya, kuma maganinta shinge na ƙarfe da barin wurin dubawa.

Na uku muhalli. Soson daga man fetur ake yin sa, kuma an daɗe ana hura XPS da iskar da ke ƙara ɗumamar duniya, ko da yake an sauya ta a ƙasashe da dama. Mai wannan damuwa yana da zaɓi: EPS, ko tsakuwar kumfar gilashi da ake yi da tsofaffin kwalabe. Duka hujjojin uku suna magana ne kan irin abin da za a sa da yadda za a sa shi. Babu wadda ta ce a zuba daɓe tsirara.

Ina ruwan matashin Kano da wannan?

Ruwansa biyu. Na farko, ɗalibai da ma'aikata 'yan ƙasar Hausa da ke zaune a Birtaniya, Jamus, Kanada da Koriya ta Kudu suna kama hayar irin waɗannan gidaje, wasu har suna saya. Dillali zai nuna allon bango mai haske da manhajar da ke tafiya da shi. Tambayar da ta dace ita ce mene ne a ƙarƙashin daɓen, kuma kaurinsa nawa. A nan waya na da amfani na gaske. Akwai kyamarar gano zafi irin su FLIR One da ake maƙalawa a ramin caji, kuma tun 2016 wayar CAT S60 ta fito da irinta a jiki. Idan aka haska gindin bango ta waje da daren sanyi aka ga layi mai haske ya zagaye gidan, kuɗin mai gida ne ke fita. Wanda yake gini kuma ya ɗauki hoton kowane ɗaki kafin a zuba kankare, da awo a jiki, don ranar da wani zai zo huda daɓe. Masu son kafet mai kauri su ma su kiyaye: shimfiɗa shi a kan daɓe mai ɗumi tamkar rufa masa bargo ne, zafin zai ƙara neman hanyar ƙasa.

Na biyu, kada a kwaikwayi bidiyo ido rufe. A Kano, Sakkwato ko Damagaram sanyin hunturu na makonni ne, bai kai a binne bututu a daɓe dominsa ba, sai fa a wurare masu tudu irin Jos da Mambila inda mai hali zai iya tunanin haka. A ƙasar zafi daɓen da ke haɗe da ƙasa aboki ne. Shi ya sa a watan Afrilu mutane ke barin katifa su kwanta a kan siminti. Zafin da ke damun gida a nan daga kwanon rufi yake saukowa, don haka kuɗin shingen zafi silin ya kamata su tafi. Wanda ya sayi na'urar sanyaya ɗaki mai haɗuwa da waya ya kafa ta a ƙarƙashin kwano tsirara, kuskurensa ɗaya ne da na mai daɓe babu soso a Kanada.

Kasuwar na'urori ta saba wa matasa da tunanin cewa duk abin da ya fito da matsala, sabuntawar manhaja ta gaba za ta gyara shi. Gini ba ya tafiya a kan wannan tsari. Kankare na fara kamawa cikin 'yan sa'o'i bayan an zuba shi, kuma abin da ke ƙarƙashinsa a wannan yini shi zai zauna a wurin har jikoki su gaji gidan. Mai kuɗi ƙayyadaddu da zai zaɓa tsakanin tamostat mai wayo da ƙarin santimita 5 na soso, ya ɗauki soson. Tamostat ɗin yana nan a shago baɗi, wataƙila ma ya ƙara araha.